Uba da Ɗa Kan Gyaran Tsohuwar Akori-Kura

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya kai mai karatu, ka sani cewa a ƙofar gidajen tsofaffin fatake da yawa, daga Kano zuwa Katsina, daga Gusau zuwa Maraɗi, a kan tarar da wata tsohuwar mota a yashe, tayoyinta sun sace, an tokare ta da duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, awaki suna shan inuwa a jikinta. Ita ce akori-kura, wadda ta yi shekaru tana jigilar hatsi da gyaɗa da goro da fatu tsakanin kasuwannin ƙauye da na birni. 'Yan gwangwan su kan wuce su taya ta da kuɗin ƙarfe, domin su farfasa ta su auna kilo kilo. Wannan bayani kuwa a kan waɗanda suka ƙi sallamawa ne, uba ya kira ɗansa suka tuɓe riguna suka tashe ta, da abin da aikin ke bukata, da abin da ke cikinsa na riba da hasara.

FASALI NA FARKO: ASALIN MOTAR

Sunan nan akori-kura daga kura aka samo shi, watau babban amalanken nan da ƙarti su ke turawa da kaya cikin kasuwa. Da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo, sai ta riƙa ɗaukar kayan kura ta kai su inda ƙafa ba ta kaiwa a wuni, jama'a suka ce a kori kura, sunan ya bi ta.

Mafi shahara cikin irin waɗannan motoci a ƙasar Hausa ita ce Peugeot, wadda a ke kira Fijo. Masu wannan suna mutanen gabashin Faransa ne, kuma tun kafin a san mota sana'arsu ƙera zarto ce da injin niƙa gahawa. Zakin da ke goshin motar ma tambarin zartonsu ne, suka yi masa rajista a shekarar 1858, domin nuna ƙarfin haƙoran zarton. A 1960 suka fito da samfurin 404, a 1967 aka yi mata mai ɗaukar kaya. A 1968 suka fito da 504, ita kuma mai ɗaukar kayanta ta biyo baya a 1979. Abin da ya ɗaga sunansu a Afirka shi ne tseren Safari na ƙasar Kenya da maƙwabtanta, tsere mai tsanani cikin taɓo da duwatsu, inda 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, sa'an nan 504 ta ci a 1975. A wannan shekara ta 1975 ɗin ce kuma aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, aka yi ta harhaɗa 504 a can har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Turai ta daina yinta. Wannan shi ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwannin Arewa, kanikawan da suka san cikinta kuma suka yawaita.

Dalilin da ya sa ta ke gyaruwa a ƙofar gida kuwa shi ne sauƙin ƙirarta. Injinta mai silinda huɗu ne, an kishingiɗar da shi gefe guda, ba kwamfuta a jikinsa, kafireto ke ba shi mai, kwantak ke ba shi wuta. Babban sirrinsa kuma shi ne kowane fistin yana da nasa kube na ƙarfe da ya ke hawa da sauka a ciki, kuben nan kuwa zare shi a ke yi kamar yadda a ke sake wa takobi gida. In ya cinye, sai a cire a sa sabo da sabon fistin da zobbansa, inji ya koma ɗanye ba tare da an taɓa gangar jikinsa ba. Da tsohuwar zuma a kan yi magani.

FASALI NA BIYU: BINCIKE KAFIN A KASHE KWABO

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya soka tsinke ya ga ƙwaya. Haka mai son tashin tsohuwar mota, wajibi ne ya bincika abu huɗu kafin ya kwance lalitarsa.

Na farko, ƙarfen ƙarƙashi wanda ke ɗauke da akwatin kaya. A shiga da guduma a ƙwanƙwasa shi ɗani ɗani, musamman inda sifirin ya kama da inda gidan direba ya haɗu da baya. Ƙarfe mai lafiya amo ya ke yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi ƙara kamar fasasshiyar ƙwarya, tsatsa ta riƙa zuba. In ruɓar ta ci nan ƙwarai, to, a haƙura a sallama wa 'yan gwangwan, gama inji ya kan sabunta, amma motar da ƙashin bayanta ya karye ba ta ƙara ɗaukar buhu goma lafiya.

Na biyu, inji. Kada a yi gaggawar sa batir a murɗa makulli. A cire fulogi huɗun, a ɗiga baƙin mai cikin kowane rami, a bar shi kwanaki ya jiƙa, sa'an nan a sa sifana a gaban inji a juya shi da hannu a hankali. In ya juya, da sauran rai. A zaro sandar awon mai a duba: in man ya yi fari fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga cikinsa, buɗe inji ya zama tilas.

Na uku, takardu. A gwada lambar da ke jikin mota da ta jikin inji da abin da ke rubuce a takarda, domin kada a gama wahala a hau titi a kama motar.

Na huɗu, lissafi. A sami littafi a rubuta kowane abu da a ke bukata, a je kasuwa a ji kuɗinsa, a tara, sa'an nan a ƙara wani abu a kai, gama tsohuwar mota ba ta nuna ciwonta duka sai an buɗe ta. Wanda ya fara ba lissafi, sau da yawa ya kan ƙare da mota a kwance cikin kwanoni, kuɗi sun tafi, kuma ko 'yan gwangwan sun rage tayi.

FASALI NA UKU: MISALIN UBA DA ƊA

A buga misali da wani falke wanda ya yi shekara ashirin yana bin kasuwannin ƙauye da 504 mai ɗaukar kaya, har idonsa ya raunana ya jingine ta. Ɗansa na fari ya gama makaranta, aiki bai samu ba, kullum yana zaune a bakin titi da waya a hannu. Al'adar Hausa kuwa sananniya ce game da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, in zai yi masa magana sai ya ce "kai" ko ya aika ta bakin wani. Kunya ce mai kyau, amma ta kan sa uba da ɗa su shekara cikin gida guda ba wanda ya san abin da ke zuciyar wani. Ran nan uban ya tsaya a jikin motar ya ce, "Kai, ɗauko mini sifana mai lamba goma sha uku." Daga nan aikin ya soma.

Da suka ɗage murfin inji na sama, wanda kanikawa ke kira tof, sai yaron ya kama sifana zai juya inji ya ga yadda fistin ke motsi. Uban ya riƙe hannunsa ya ce, "Tsaya. In ka juya shi yanzu, fistin zai turo kube sama, hatimin da ke gindinsa ya saki, ruwan lagireto ya zube cikin mai. Sai an danne kuben da ƙarfe da noti tukuna." Wannan gaskiya ce da duk wanda ya san Fijo ya sani, kuma da ba a faɗa ba da ta jawo musu kwance inji har ƙasa.

Da aka zo mai da tof, sai magana ta juya. Uban ya saba ɗaure notuna da ƙarfin dantse, ya zura bututu a kan sifana ya danna har sai ta yi ƙara. Yaron kuwa ya samo littafin gyaran motar ta intanet, ya karanta cewa tof ɗin Fijo na alminiyam ne, gangar injin kuma ta baƙin ƙarfe ce, zafi ba ya buɗa su daidai da juna. Saboda haka notunan nan suna da tsari, daga tsakiya a ke farawa a yi waje, kowanne da awon ƙarfinsa, da sifana mai awo a ke ɗaure su. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni, ga abin da masu motar suka rubuta." Uban ya yi shiru, ya tuna gasket nawa ya ƙona a hanya a shekarun baya, ruwa yana tafasa, kaya suna jira. Ya ce, "Je ka gareji ka aro sifanar."

Ranar tashi, aka sa batir, aka murɗa makulli, inji ya yi tari ya tofar da wuta ta kafireto, ya ƙi tashi. Yaron ya rantse ya jera wayoyin fulogi yadda littafi ya ce, ɗaya, uku, huɗu, biyu. Uban ya ce, "Daga ina ka fara ƙirga?" Ya ce, "Daga gaba, wajen lagireto." Uban ya yi murmushi ya ce, "Fijo daga baya ta ke ƙirga. Ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci." Aka sake jeri, aka murɗa, inji ya kama, unguwa ta cika da hayaƙi da yara. Littafi ya faɗi gaskiya, amma mai karatun bai lura da inda aka ce a fara ba, wanda ya yi shekara ashirin da motar kuwa bai bukaci dubawa ba.

Akwai kuma wani aiki wanda mutum ɗaya ba ya iya shi, watau fitar da iska daga birki. Man birki ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, saboda haka in ta shiga bututu sai a taka birki ya tafi ƙasa mota ba ta tsaya ba. Ɗaya zai zauna a gidan direba yana takawa, ɗaya ya kwanta a ƙasa yana buɗe ɗan noti yana rufewa, a fara da ƙafar da ta fi nisa da tukunyar man, a ƙare da ta kusa. Wanda ke ƙasa shi ke ba da umurni, gama shi ke ganin kumfa. Yaron ya kwanta, uban ya hau kujera. Sai ka ji murya daga ƙarƙashi, "Baba, a taka. Baba, a riƙe. Baba, a saki." Dattijo yana bi ba musu. Da wuya a sami wani wuri a gidan Bahaushe inda ɗa ke umurtar ubansa har sau hamsin a yini, ladabi bai ragu ba, girma bai zube ba. Cikin watannin nan ne yaron ya ji labarin da bai taɓa ji ba: yadda aka tara kuɗin motar, da daren da aka kwana a daji saboda fambel ya tsinke, da cewa kuɗin makarantarsa daga bayanta suka fito.

FASALI NA HUƊU: TSARIN AIKI DA SAYEN KAYA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne farawa da fenti, domin shi ido ke gani. Tsarin da ya dace shi ne a fara da inji, sa'an nan lagireto da bututansa, sa'an nan tanki da kafireto, gama fetur in ya daɗe a ajiye ya kan zama danƙo ya toshe hanyoyi. Daga nan birki, da sitiyari, da sifirin, da wayoyin wuta waɗanda ɓeraye su kan gaigaye. Walda da gyaran bodi su biyo baya, fenti shi ne ƙarshe.

Game da kaya, kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna sanannu ne wajen kayan mota sabo da tsoho. Mai zuwa saye ya riƙe wanda ya cire a hannunsa ya gwada, domin 404 da 504 suna kama a wasu kayan, sun saɓa a wasu. Abin ƙarfe, kamar akwatin giya da ƙofa da sifirin, tsohon asali sau da yawa ya fi sabon jabu. Amma abin roba da na takarda, kamar robobin birki da bututun ruwa da fambel da gasket, ba a sayen na hannu ko da kyauta ne. Araha ba ta ado.

Taya ma tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. A jikinta akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: in an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta daɗe, ko da zanenta bai cinye ba, ta kan fashe a kan kwalta mai zafi da kaya a kanta.

Bayan an tashi inji, hayaƙin salansa shi ke ba da labarin cikinsa. Shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ke shiga. Injin da aka sabunta kuma a lallaɓa shi cikin kilomita 1,000 na farko, ba gudu, ba kaya mai nauyi, sa'an nan a juye mai a sake duba notunan tof. Sannu ba ta hana zuwa.

FAƊAKARWA

Abu huɗu sun kashe mutane a wannan sana'a, uba kuwa shi ke da alhakin koya wa ɗansa su tun ranar farko. Kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da gungumen icce mai ƙarfi an kuma datse ƙafafunta. Kada a kai wutar walda kusa da tankin fetur ko da ba kome a ciki, gama tururin da ya rage ya fi man kansa saurin fashewa. Kada a kunna inji cikin rufaffen shago ko zaure, domin cikin hayaƙinsa akwai guba marar wari mai sa barcin da ba a tashi. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi.

FASALI NA BIYAR: RIBA, DA MAI MOTA

Tsohuwar Fijo ta fi motocin zamani shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, wannan lissafi ya zama babba. Saboda haka ba ta da riba a doguwar tafiya da rabin kaya. Ribarta tana gajeren zango: daga gona zuwa rumbu lokacin kaka, daga kasuwar ƙauye zuwa Dawanau, ɗaukar taki da bulo da itace a hanyar da ƙaramar mota ba ta shiga. Waɗansu kuma su kan mai da injin ya riƙa aiki da iskar gas, amma a kai wa ƙwararru, kada a ɗora tukunyar girki a bayan mota. Kuma a tuna ba ta da kayan kariya irin na sababbin motoci, don haka ɗora mutane a kan buhuna ganganci ne da rayuka.

Sauran magana ɗaya, wadda ta fi ɓata zumunci in an yi sakaci da ita: bayan an gyara, motar ta wace ce? Uba ya sa tsohon ƙarfe da kuɗi, ɗa ya sa ƙarfinsa na wata shida, ga kuma waɗansu 'ya'ya a gida maza da mata. In uba ya yi nufin kyauta ce, to, malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun bayyana cewa kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, in mai bayarwa ya rasu kafin haka, abin ya koma gado. Sun kuma karhanta mutum ya ba wani cikin 'ya'yansa dukiyarsa duka, amma wani sashe nata ya halatta. Saboda haka in kyauta ce, a miƙa makulli da takardu a gaban shaidu, a sake suna. In kuwa tarayya ce, a faɗi rabon kowa daga abin da ta samo, da wanda zai ɗauki kuɗin gyara in ta lalace. In ijara ce, a yanka wa yaro ladansa. Kowanne aka zaɓa a rubuta shi, domin "ai Baba ya ce tawa ce" ba ta tsayawa a gaban alƙali ba shaida. Haka nan in wata rana aka tashi sayarwa, a nuna wa mai saye inda aka yi walda da inda aka cike da fila, gama ɓoye aibi a ƙarƙashin fenti algus ne.

To, masu irin wannan mota a ƙofar gida, ku auna kafin ku sallama. In ƙashin bayanta ya ruɓe, ku karɓi kuɗin ƙarfe ku huta. In kuwa yana da amo, kuma akwai saurayi a gida wanda hannunsa ba ya riƙe da kome, to, ko da gyaran bai mai da kuɗinsa da wuri ba, yaron zai fita da sana'ar da a ke nema a kowace tasha, ya san birki da kafireto, ya san ciniki a Ƙofar Ruwa, ya kuma san wahalar da aka sha kafin ya girma. Ku kuma samari, kanikawan da suka san Fijo ciki da waje suna tsufa, abin da ke kansu kuwa ba duka aka rubuta ba. Wanda ubansa ke da rai da sauran ƙarfi, ya ɗauki sifana ya tsaya kusa da shi tun yau.

Allah Ya sa albarka cikin sana'a, Ya kiyaye hanya. Haza wasalam.